Shin "extended hours" na nufin za a ƙara mini kuɗi?

Tambaya: Malam, na samu aiki a wani kantin magani a Katsina, wajen Ƙofar Kaura. A takardar da aka ba ni an rubuta cewa zan riƙa yin "extended hours" da azumi da jajiberin Sallah. Shi ne "overtime"? Za a biya ni?

Amsa: Ɗan'uwa, gara da ka tambaya kafin ka sa hannu, domin kalmomin biyu ba ɗaya ba ne.

A bakin Turawa, "extended hours" lokaci ne da aka tsawaita fiye da yadda aka saba. Galibi ma maganar wurin ake yi. Kantin da ke rufewa ƙarfe 8 na dare, in ya kai 11 saboda masu fitowa bayan tarawihi, to ya yi "extended hours". Kalmar ta faɗi tsawon lokaci kawai, ba ta ce komai kan aljihunka ba.

"Overtime" ita ce mai ɗauke da hakki. Ana nufin sa'o'in da ka yi bayan waɗanda aka yi yarjejeniya a kansu, har ma da ladan da ake biya dominsu. A Amurka, dokar ƙwadago ta 1938 ce tushen biyan ninki ɗaya da rabi, wanda yau ke hawa kan duk sa'ar da ta wuce 40 a mako. Shi suke kira "time and a half". Tamu dokar ƙwadagon, a sashe na 13, ta ce abin da ya haura lokacin da aka amince da shi "overtime" ne, amma ba ta yanke nawa za a biya ba. Nan ake cin gumin yaran shago da yawa, abin yana damuna ƙwarai.

Shi kuwa "long hours" da za ka ji ana faɗa, kukan gajiya ne kawai, kamar mu ce "aiki ba dare ba rana".

Saboda haka ka koma wurin maigidanka cikin ladabi. Ka ce a rubuta maka ƙarfe nawa aikinka ke tashi, da nawa ne kuɗin kowace sa'a da ta biyo baya. In ya ce hutu zai ba ka maimakon kuɗi, shi ma a sa a takarda, da ranar da za ka ɗauka.