Ina riƙon gidajen mutane da dabbobinsu, amma ni ba ni da inda zan koma

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari? Na daɗe ina karanta shawarwarin da kike ba mutane, yau ga shi abin ya zo kaina.

Ni mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, ba ni da aure. Aikina fassarar takardu ne ta intanet, duk inda na ajiye kwamfutata nan ne ofishina. Shekarun baya na saki gidan da nake haya, na sayar da abin da zai sayu, na shiga harkar riƙon gida. Ga yadda take: mutum zai yi doguwar tafiya, ba ya son barin gidansa a kulle, ba ya kuma son kai kyanwarsa ko karensa wurin ajiyar dabbobi. Sai ni in zo in zauna, in ciyar da su, in fita da kare ya miƙe ƙafa, in ba shuke-shuke ruwa. Ba ya biyana, ni ma ba na biyan haya. Da haka na ga ƙasashen da ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba.

Amma Anti na gaji. Duk gidan da na shiga sai na shaƙu da dabbar, ranar tafiya in miƙa makulli in fito hawaye na zuba. Ba ni da ƙawa ta kusa, domin kafin in san maƙwabta lokacin tashi ya yi. Idan aka samu giɓi tsakanin wannan gida da na gaba, kuɗin otal ya cinye ɗan abin da na tara. Akwai wanda ya fasa tafiyarsa bayan na riga na sayi tikitin jirgi, ko haƙuri mai kyau bai ba ni ba.

Yanzu wata baiwar Allah a wani ƙauye a ƙasar Fotugal tana so in riƙe mata gida wata biyar. Tana da tsohuwar kyanwa mai ciwon sukari da ake yi wa allura safe da dare. Likitan dabbobi yana can cikin gari, ni kuma ba na tuƙi. Izinin zamana bai wuce kwana 90 ba, amma ta ce in gaya wa jami'an shige da fice ziyarar ƙawa na zo, sauran kwanakin kuma babu mai dubawa. Yayata tana ta roƙona in bar wannan yawo in zauna wuri ɗaya. Ni kuma in na ƙi gidan nan ban san inda zan kwana ba a waɗannan watanni. In karɓa ko in bari? Kuma wannan rayuwar, in ci gaba da ita ko lokacin dainawa ya yi?

Taki ƙanwa mai neman mafita.

Wa'alaikumus salam ƙanwata,

Kada ki karɓi gidan nan. Zan gaya miki dalili, sannan mu zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarki.

Mu fara da maganar kwana 90. Fotugal tana cikin yankin Shengen, inda ƙasashen Turai 29 suka haɗa iyakarsu. Mai ziyara ba shi da izinin wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma lissafin na yankin ne gaba ɗaya. Ko kin tsallaka Sifaniya ko Faransa kin dawo, kwanakin suna nan suna ƙirguwa. Wata biyar kusan kwana 150 ne. Maganar babu mai dubawa kuwa ba gaskiya ba ce: tun watan Oktoban 2025 ƙasashen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a kwamfuta, ranar shiga da ranar fita duk suna rubuce. Wanda ya zarce yana iya fuskantar tara, ko kora, ko a hana shi shiga yankin na wani lokaci, kuma tabon yana bin sa duk sa'ad da ya je neman biza. Ke da rayuwarki ta dogara da fasfo, wannan asara ce babba. Ita mai gidan ba abin da zai same ta. Za ta dawo ta tarar da kyanwarta, ke ce za ki tsaya gaban jami'i kina kame-kame.

Akwai kuma abin da masu wannan harka da yawa ba sa son ji. Ƙasashe da dama suna ɗaukar kula da gida a madadin masauki a matsayin aiki, ko da sisi bai shiga hannunki ba, domin masaukin shi ne ladan. An mayar da mutane daga filayen jirgin Amurka a kan haka. Saboda haka kafin kowace tafiya ki karanta dokar ƙasar a shafin hukumar shige da ficenta, kada ki dogara da abin da mai gida ya ce. Duk wanda ya fara hulɗa da ke da cewa ki yi wa hukuma ƙarya, ya nuna miki yadda ya ɗauki lafiyarki tun ba ki shiga gidansa ba. In dogon zama kike so a can, akwai hanyar da doka ta tanada: Fotugal ta buɗe bizar masu aiki ta intanet a 2022, Sifaniya ta bi baya a 2023. Suna neman shaidar cewa kina da kuɗin shiga mai ƙwari da inshorar lafiya, kuma neman yana ɗaukar lokaci.

Sai kyanwar. Ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ba ta da bakin da za ta ce ina ciwo. Kyanwa mai ciwon sukari ana yi mata allurar insulin kusan kowace awa 12, a kan lokaci, tare da abinci. Ma'ana wata biyar ba za ki kwana a waje ba, ba za ki yi yinin da ya zarce lokacin allura ba. Ranar da ta ƙi cin abinci kuma aka yi mata cikakkiyar allura, sukarinta yana iya faɗuwa, ta fara tangaɗi, ta yi laushi, har ta kai ga farfaɗiya. A irin wannan lokaci mintuna ne ke tsakanin rai da mutuwa. Ke ga ki a ƙauye, tsakar dare, ba mota, ba ki jin harshen mutanen sosai. Wa za ki kira? Dabba irin wannan tana buƙatar mai riƙo da ya san allurar, yake da abin hawa, aka kuma haɗa shi da likitan tun kafin mai gida ta tafi. Faɗa wa matar nan haka taimakonta ne, kuma taimakon kyanwar ne.

Yanzu bari mu dawo kanki. Jimlar da ta fi taɓa ni ita ce wadda kika ce in kin ƙi ba ki san inda za ki kwana ba. Nan ciwon yake. Mutumin da ba shi da wurin komawa ba ya iya cewa a'a, kuma masu gida suna gane haka daga muryarsa. Shi ya sa ake kawo miki sharaɗin da ba za a kai wa wani ba. Kayan aro ba ya rufe katara, ƙanwata. Gidajen nan komai kyansu na masu su ne, ranar da suka ga dama su fasa, kamar yadda aka riga aka yi miki.

Kuma ina so ki daina kallon kanki a matsayin wadda ake yi wa alfarma. Shafukan da ke haɗa masu gida da masu riƙo, irin su TrustedHousesitters da aka kafa a Biraiton ta Ingila a 2010, an gina su ne a kan musaya: kowa yana ba da wani abu. Ki lissafa abin da kike ba su. Kuɗin ajiye dabba na watanni kin ɗauke musu. Gidan da ke da mutum a ciki ɓarawo yana shakkarsa, famfon da ya fashe ana ganinsa a ranar. A Birtaniya ma kamfanonin inshora da yawa suna rage kariyar gida idan ya wuce kwana 30 ko 60 babu kowa a ciki. Mai kawo wannan amfani yana da ikon kafa nasa sharaɗi. Kafin ki amsa kowane gida, ku yi kiran bidiyo ki ga ko'ina, ki tambaya ko akwai kyamara a ciki. A rubuta wa zai biya wuta da ɗumama gida, awa nawa za a iya barin dabbar ita kaɗai, wa ya ɗauki nauyin kuɗin likita kuma har nawa za ki iya kashewa ba tare da kin jira izini ba, da abin da zai faru idan wani ya fasa. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ki bar masa gidansa.

Game da yayarki, ban ce ta yi daidai a komai ba. Kina son tafiya, kin iya ta, kuma amanar da mutane ke ba ki ta gidajensu ba ƙaramin abu ba ne. Amma ta hango abin da kika gaji da ɓoyewa. Ba sai kin zaɓi tsakanin yawo har abada da zama har abada ba. Ki samu ɗaki ɗaya, komai ƙanƙantarsa, a garin da kike da mutane, wanda makullinsa naki ne, inda takardun banki da na haraji da na asibiti za su riƙa samunki. Ki ware kuɗin da zai riƙe ki wata uku ba tare da gidan kowa ba, kada ki taɓa shi sai dole. Sannan ki rage yawan gidajen: ki zaɓi 'yan kaɗan da kika ji daɗinsu ki riƙa komawa duk shekara. Masu gida suna son wanda dabbarsu ta riga ta sani, ke kuma rabuwar za ta yi sauƙi tunda kin san za ki sake ganinta, maƙwabtan ma za su zama sanannu.

Kukan da kike yi ranar miƙa makulli bai dame ni ba, alama ce kina riƙon da zuciya ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne ba ki da wanda za ki kira ki yi wa kukan. Idan gajiyar nan ta kai ga hana ki barci ko cin abinci na makonni, ki ga likita, kada ki ce tafiya ce kawai.

Ki rubuta wa matar nan yau, cikin ladabi, ki ce izinin zamanki bai kai ba kuma kyanwarta tana buƙatar mai mota, domin ta samu lokacin neman wani. Daga nan ki kira yayarki ki tambaye ta ko za ki iya sauka wurinta na waɗannan watanni kafin ki samu ɗakinki. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Taki,
Anti