Tambaya da Amsa: Banki ya ce zai sayar mana da gida

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Maigidana ya ci bashin miliyan 4 na sefa a wani banki ya ba da titir fonsiye, wato takardar mallaka, na gidanmu jingina, kasuwa ta juya mai baya wata biyar bai biya ba, shekaranjiya wisiye, wato mai kai wa mutane takardun shari'a, ya kawo takarda wai a biya ko a sayar da gidan. Yanzu haka kawai za su fitar da mu da yara? Daga wata 'yar'uwa a Garuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo mafita. A'a, banki ba shi da ikon zuwa da kwado ya kulle gida da kansa, sai an bi ta kotu. Mu nan Kamaru da Cadi dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ce ke aiki a kan wannan, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, ba irin Amurka ba da kowace jiha ke da nata tsarin.

Takardar nan da wisiye ya kawo gargaɗi ce, kwana 20 take bayarwa a biya, in ba a biya ba sai a yi mata rajista a ofishin filaye, daga nan maigida ba zai iya sayar da gidan ba. Sannan lauyan banki ya kai kundin sharuɗɗan gwanjo kotu, a sa ranar zama, ku kuma kuna da damar kawo ƙorafinku a rubuce amma aƙalla kwana 5 kafin zaman, kuma wallahi nan ne mutanenmu suke faɗuwa, kunya ta sa mutum ya ɓoye takarda ƙarƙashin katifa har lokaci ya wuce.

Alƙali zai iya ɗaga muku ƙafa har shekara ɗaya in ya ga halin da kuke ciki. Farashin fara gwanjo kuma ba ya sauka ƙasa da kwatan darajar gidan, (ni dai a ganina kwata ya yi kaɗan, amma haka dokar take) in an sayar kuɗi ya rage bayan bashi da kuɗin shari'a, naku ne. Ko da kwangilar ta ce banki ya riƙe gidan kai tsaye, wannan ba ya aiki a gidan zama.

Ki ce wa Alhaji ya duba kwanan watan da ke jikin takardar, gobe da safe ya kai wa lauya ita da kwangilar da duk rasit ɗin abin da ya riga ya biya.