Yadda nake auna ɗalibi a tambayar kamanci da bambanci

Malama, kin ce idan kika nemi ɗalibai su kwatanta abu biyu, sai su juye duk abin da suka haddace a kan na farko, su sake sakin layi su juye na biyu, kuma kina tambaya ko irin wannan amsa ta cancanci cikakken maki. A ganina ba ta cancanta ba, domin yaron ya nuna miki cewa ya yi hadda, amma aikin kwatantawar ke ya bar wa.

Na daɗe ina koyar da tarihi a babbar sakandare a nan Zariya, kuma abin da nake fara nema a takarda shi ne ma'aunin da ɗalibi ya ɗora abubuwan biyu a kai. Idan na ce a kwatanta masarautar Zazzau da ta Kano bayan jihadin 1804, wani zai rubuta cewa Kano tana da kasuwar Kurmi, Zazzau kuwa tana da Ƙofar Doka. Duk gaskiya ne, sai dai babu igiyar da ta ɗaure su. Wanda ya gane tambayar zai ɗauki gadon sarauta, ya ce a Kano zuriyar Ibrahim Dabo ce ke riƙe da ita tun 1819, alhali a Zazzau tana zagayawa tsakanin gidaje huɗu, wato Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, sannan ya nuna inda suka yi tarayya, cewa dukkansu suna ƙarƙashin Sakkwato har Turawa suka karɓe Zazzau a 1902, Kano a 1903. Kalmomi irin su "alhali", "amma" da "dukkansu" kan nuna cewa yaro yana kallon abubuwan biyu a lokaci guda, ko da yake akwai masu wayon da ke cusa su ba bisa ƙa'ida ba, don haka a karanta jimlar har ƙarshenta.

Idan maki goma ne, nakan ba da uku ga ingancin bayani, huɗu ga jera kamanci da bambanci bisa ma'auni ɗaya, ragowar ukun kuma ga wanda ya faɗi abin da bambancin ya haifar, kamar yadda yawan gidaje ke ƙara wa masu zaɓen sarki nauyi. Mai hadda kaɗai ba zai wuce uku ba, kuma ya kamata a sanar da ɗalibai wannan rabon kafin ranar jarrabawa.

Zanen da'ira biyu masu shiga juna, wanda John Venn ya fito da shi a 1880, yana da amfani ga ƙananan azuzuwa, amma ba ya tilasta wa yaro ya zaɓi ma'auni. Na fi son jadawali mai gida uku, inda ɗalibin da kansa zai cike gidan farko da abin da yake aunawa.

Sannan ki riƙa ba su abin da ba ki taɓa kwatantawa a kan allo ba. Gero da dawa sun isa: kowane yaro ya ci tuwonsu, amma wanda zai ce gero ya riga dawa nuna, shi ya sa yake fitar da manomi daga yunwar damina, shi ne za ki ba makin nan uku na ƙarshe.