Aljanar da ke zuwa a shafin ƙarshe

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ɗaliba ce a Daura, kuma ba ni da abin ɗebe kewa da ya wuce ƙagaggun labarai, yawanci a waya nake karanta su. Na fi son na yaƙi da aljanu, sai na binciken kisa. Amma kwanan nan sun fara gundurata. Sai in yi ta bin labari ina biyan kuɗi, jarumi ya shiga tsaka mai wuya, kawai sai wata aljana da ba a taɓa ambata ba ta zo ta ɗauke shi. Na bincike kuwa, a ƙarshe mai laifin ne zai haukace ya tona kansa, ko a je wurin mai duba. Ƙawata ta ce na girmi irin waɗannan ne, in koma wa littattafan da ake ba lambar yabo. Na gwada, kalamansu da daɗi, amma sai in kai tsakiya ban ga abin da ya faru ba. Gwaggo, laifina ne ko na marubutan?

Daga wata mai karatu, Daura

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ba laifinki ba ne, kuma ban goyi bayan ƙawarki ba. Babu shekarun da mutum ke girmar labarin aljanu. Ni nan Katsina har yau ina karanta su, ina kuma jin daɗin masu kyau. Abin da ya gundure ki a nau'in nan biyu abu ɗaya ne: marubuci ya ɗaura ƙulli, ya kasa kwance shi da abin da ya riga ya nuna miki, sai ya jawo wani abu daga waje ya datse.

Ke da kike Daura, kina da ma'auni a ƙofar gidanku. Ki tuna labarin rijiyar Kusugu. Macijin nan yana da ƙa'ida, ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Tsohuwa Ayana ta faɗa wa baƙo Bayajidda wannan tun kafin ya ɗauki guga, saboda haka mai saurare ya san haɗarin, zuciyarsa na bugawa tun kafin a isa bakin rijiya. Sannan da gari ya waye aka ga gawar maciji, mutane da yawa suka ce su suka kashe. Da me aka gane gaskiya? Da kan macijin, wanda Bayajidda ya yanke ya tafi da shi, mu kuma muna kallo lokacin da ya yi hakan. A labari ɗaya kakanninmu sun ba mu almara mai ƙa'ida da bincike mai hujja. Haka nan Katsina, yadda ake ba da labarin kokawar Korau da Sanau: ƙarfin Sanau yana cikin laya, asirin ya fita ta hannun matarsa, sannan aka kayar da shi. Sihirin yana da iyaka, kuma iyakar ce ta sa labarin ya rayu har yau ana kiran garin nan ta Korau.

Wannan nake nema a littattafan yaƙi na yanzu, ba kullum nake samu ba. Jarumin da ke sare dakaru dubu da sara ɗaya ba ya ba ni tsoro, ba ya ba ni tausayi, domin na san ba abin da zai same shi. Ina so in ji abin da zoben tsafin nan ke karɓa a wurin mai shi duk lokacin da ya murza, in ji sharaɗin da aljani ya gindaya da abin da zai biyo baya in an karya. Wani abin da ke damuna shi ne sunaye. Sarakuna da birane duk an yo aronsu daga nesa, har ba ka iya rarrabe wannan da wancan, alhali ga Durɓi ta Kusheyi da kaburburan sarakunanta, ga hasumiyar Gobarau, ga ganuwa da ƙofofi, ga farauta da tauri da ƙira, babu mai taɓawa sai ɗaiɗaiku. Ba yau muka fara wannan fage ba. A gasar rubutun da aka shirya a 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma tun daga farkon littafin mai karatu ya san abin da aka fita nema da dalilin nemansa.

Amma in yi wa marubutan yau adalci. Akwai abin da suka kawo da nake so ƙwarai: mata sun zama su ne masu riƙe da labari, ba masu jiran a cece su ba, kuma hirar da ke cikin rubutunsu irin wadda muke yi ce a tsakar gida. Yawancin matsalar daga yadda ake sakin labarin take. Wadda ke tura shafi kullum a WhatsApp, masu karatu na matsa mata, babu edita, babu damar komawa babi na biyu ta gyara, sau da yawa ta fara ne ba ta san inda za ta ƙare ba. Tsawon labari kuma shi ne kuɗinta. Aljanar da kika gani ta sauko a ƙarshe, gajiyar marubuciya ce ta kira ta.

Labarin bincike ya fi tsanani, domin shi alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: duk abin da mai binciken ya gani, ke ma kin gani, sai dai ya fi ki lura. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai rubuta irin waɗannan labarai, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma. Cikinsu akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, ba a warware laifi da abin gaibu, kuma ba a fito da tagwaye kwatsam sai an share fage. Ba musun aljanu ko tasirin addu'a nake yi ba, 'yata. Cewa nake yi in marubuci ya kira ki wasan ƙwaƙwalwa, to ya bar ki ki yi wasan. Haukacewar mai laifi ba bincike ba ce, kuma in kowane littafi kishiya ce ta zuba guba, me ya rage a gano?

Abin da nake marmarin gani shi ne mai bincike na ƙasarmu, da matsalolin ƙasarmu. Mu muna binne mamaci cikin 'yan sa'o'i, kuma iyalai da yawa ba sa yarda likita ya buɗe gawa. Marubuci mai basira a nan zai samu labarinsa: gawa ta tafi, saura abin da mai wanka ta lura da shi, da wanda bai zo zaman makoki ba, da wanda ya zo ya kasa cin abinci. Ga mai unguwa da ya san baƙon kowane gida, ga mai shayi da ya ga wanda ya wuce bayan Isha, ga mai cajin waya, ga masu bin sawu a ƙauye. Maimakon haka sai a dasa kyamarar tsaro a garin da ko wutar lantarki babu, a kawo gwajin jini daga sama. Duk littafin da ya sa na koma baya ina duba shafukan farko, ina cewa ashe an faɗa mini ban kula ba, wannan ya biya ni.

Game da littattafan lambar yabo, rabin ƙorafinki na karɓa. Akwai waɗanda suka ɗauka cewa kyan jimla ya isa, kuma rashin ƙarshe shi ne zurfi. Waɗannan ni ma ajiyewa nake yi. Sai dai ki sani, abin da ke faruwa a irin wannan rubutu sau da yawa cikin zuciyar mutum yake faruwa, ba a filin daga ba. Ki tambayi kanki a babi na uku: wa ke son wani abu a nan, me kuma ya tare masa hanya? In kin samu amsa, ki yi haƙuri ki ci gaba. Littafin Turancin da ya ci wa Abubakar Adam Ibrahim kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016 misali ne: dattijuwa da mijinta ya rasu, da matashi ɗan daba, da asirin da kowa ya san ba zai ɓoyu ba. Na manya ne, kuma akwai wuraren da za su yi miki nauyi, amma ba za ki ce ba abin da ya faru ba. In dogon littafi ya yi miki yawa, ki fara da gajerun labarai irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta soma a 2016. A gajeren labari marubuci ba shi da wurin ɓuya.

Kafin ki sake biyan kuɗin wani labari, ki tambaya ko an kammala rubuta shi. In ba a kammala ba, ki karanta shafukan kyauta da idon basira, ki ga ko an faɗa miki abin da jarumin ba zai iya ba. In kuma aljanar nan ta sake saukowa, ki rubuta wa marubuciyar cikin ladabi ki faɗa mata inda ta rasa ki, domin mafi yawansu yabo kaɗai suke samu daga masu karatu.