Amsa ga mai tambaya kan rajistar murhun da ya ƙirƙira

Malam, ka tambaya ko ka fara sa bidiyon murhunka mai tsimin gawayi a Facebook kafin ka yi masa rajista. Don Allah kada ka yi. A dokar Najeriya ta 1970 kan rajistar ƙirƙira, dole ƙirƙira ta zama sabuwa ranar da aka shigar da takarda, kuma bidiyonka da kansa zai iya kashe sabuntar. Ko maƙerin da zai haɗa maka samfuri, ku rubuta yarjejeniyar rufe sirri tukuna.

Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, kuma hukumar NOTAP, mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu. Kariyar shekara 20 ce, amma kowace shekara sai ka biya kuɗi, in ba haka ba ta faɗi.

Abin da mutane ba sa lura da shi: ofishin ba ya binciken ko wani ya riga ka, cikar takardu kawai yake dubawa. Kotu na iya soke shaidar rajistar daga baya, don haka ka fara duba Google Patents, shafin intanet na binciken ƙirƙire-ƙirƙiren da aka yi wa rajista, da kanka. In kana hangen kasuwar Maradi, takardar Abuja ba ta tsallaka iyaka. Sai ka nemi ta OAPI, ƙungiyar da ke yi wa Nijar da wasu ƙasashen Afirka irin wannan rajista, a Yawunde ta Kamaru, cikin wata 12 daga ranar da ka shigar da takardarka a Abuja.