FILIN TAMBAYA DA AMSA: Wai da gaske direban babbar mota ne ya kawo kwantena?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni direban tirela ne, shekarata 14 ina jan kwantena daga Apapa zuwa Kano. Ranar nan muna zaune wajen mai shayi a Mararrabar Jos sai gardama ta kaure, wani ya ce 'yan Chana ne suka ƙirƙiro kwantena tunda kusan duk wadda muke ɗauka daga can take zuwa, wani dattijo a cikinmu kuma ya dage wai wani Bature ne direba irinmu, har ya ce ranar da za a binne shi jiragen ruwa sai da suka danna masa hon. Muka yi ta masa dariya. Mun dai yi da shi wanda bai yi daidai ba shi zai biya kuɗin shayin kowa, dan Allah a raba mana gardama.
Daga wani direba, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, maigida sannu da hanya, Allah ya tsare. To ku fara haɗa kuɗin shayi dan wallahi dattijon nan ya fi ku gaskiya, har maganar hon ɗin ma ba ƙari ya yi ba. Su Chana ƙera kwantena suke yi, kusan duk ta duniya yanzu a can ake ƙerawa, amma ba su suka kawo ta ba.

Sunan mutumin Malcom McLean, ɗan jihar North Carolina a Amurka, an haife shi 1913 a wani ɗan gari wai shi Maxton. Ɗan manomi ne, daga sakandare bai wuce ba, a gidan mai ya fara neman na kansa. A 1934 ya sayi wata tsohuwar mota ta hannu dala 120, shi ne mai mota shi ne direba, daga baya shi da 'yan uwansa biyu, mace da namiji, suka kafa kamfanin McLean Trucking. Kafin shekara ashirin motocinsu sun haura 1,700. Kuma mutumin irin masu ƙirga kwabo ne, yana cikin na farko-farkon da suka koma motar gas saboda ta fi sauƙin sha, abin da duk zai rage kuɗin tafiya ko na sisi ne sai ya bi shi.

Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa a 1937 ya kai lodin auduga tashar jirgin ruwa a New Jersey, ya wuni zungur a cikin mota yana jiran layi, yana kallon 'yan dako suna sauke kaya dila-dila, a ɗaure a raga, ƙugiya ta ɗaga ta zura a cikin jirgi, can ciki kuma wasu su kwance su sake jerawa. Wannan kai ba sai na yi maka dogon bayani ba, wanda ya taɓa kwana a gosulon Apapa ya san yadda zuciya take tafasa in mota na tsaye kuɗin abinci na ƙarewa maigida kuma na ta kira a waya. A zamanin jirgi kan yi mako guda ko fiye a tasha ana lodi da saukewa, kaya su fashe, wasu su jiƙe, wasu kuma su yi ƙafa. Sai ya ce a ransa, me zai hana a ɗaga bodin motar ɗungurungum a ɗora a jirgi ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba?

Amma fa kar ku koma gareji ku ce shi ya fara ƙera akwatin ƙarfe, a'a, kamfanonin jirgin ƙasa a Turai da Amurka sun daɗe suna gwada irin nasu, sojojin Amurka ma suna da ƙanana. Abin da ya yi daban shi ne ya gane akwatin shi kaɗai ba ya tsinana komai sai an sake jirgin, an sake ƙugiyar, an sake tirelar, an sake tashar kanta, duk su dace da juna. Masu jiragen ruwa na lokacin jirgi suke gani, shi kuma da yake daga sitiyari ya taso kaya yake gani da awannin da suke ɓatawa a tsaye. A ganina duk sirrin mutumin yana nan.

Sai kasadar. Dokar Amurka a lokacin ba ta yarda mai kamfanin motoci ya haɗa da kamfanin jiragen ruwa haka kawai ba, sai a 1955 ya rabu da kamfanin motocin da ya gina tun daga mota ɗaya, ya ci bashin banki ya sayi kamfanin jiragen Pan-Atlantic, alhali bai san komai a harkar ruwa ba. Ka ƙaddara Alhajin da kake ja wa mota ya wayi gari ya sayar da duka tirelolinsa ya ce jirgin ruwa zai shiga, ai 'yan uwa sai sun fara nema masa rubutu. Ranar 26 ga Afrilu 1956 wata tsohuwar tankar mai ta zamanin yaƙin duniya na biyu da aka gyara, sunanta Ideal X, ta tashi daga Newark a jihar New Jersey ta nufi Houston a jihar Texas da kwantena 58. Da aka buga lissafi, lodin tan ɗaya da hannu kusan dala 6 yake ci, a sabon tsarin kuwa santi 16 kacal (santi ɗari ne dala ɗaya), wato ko kashi uku cikin ɗari bai kai ba.

Ba kowa ya yi murna ba fa. Wani jami'in ƙungiyar 'yan dako da ke tsaye a wajen ranar, da aka tambaye shi ya ya ga jirgin, cewa ya yi shi so yake ya nutsar da shi, har da ashar. Kuma ni ban ga laifinsa ba dan ya hango abin da ke tafe, cikin shekara ashirin yawancin aikin dako a tashar New York ya mutu, dubban magidanta suka rasa abin yi. In ana yabon McLean wannan ma sai a faɗa.

Daga nan abu ya yi ta gaba, sunan kamfanin ya koma Sea-Land a 1960, jiragensa suka tsallaka teku zuwa Rotterdam ta ƙasar Holan a 1966, ya samu kwangilar kai wa sojojin Amurka kaya Biyetnam a 1967. Sai halin direba ya motsa, wa zai yarda ya dawo wayam? Jiragen in sun sauke sai su biya Japan su yi lodin dawowa, kuma kusan daga nan ne kayan Asiya suka fara kwarara a kwantena. A 1969 ya sayar da kamfanin ga R.J. Reynolds masu taba sigari.

Da ya tsaya nan da shikenan, amma ina. A 1978 ya sayi wani kamfanin jiragen ruwan wai shi United States Lines, ya ba da odar manyan jirage 12 a Koriya ta Kudu, masu ɗaukar kaya da yawa amma ba gudu, dan ya ɗauka mai zai ci gaba da tsada. Sai mai ya karye, masu jirage masu sauri suka kwashe kwastomomi, a 1986 kamfanin ya durƙushe da bashin sama da dala biliyan ɗaya. Ya sha kunya ba kaɗan ba. Amma tsohon nan yana dab da shekara 80 ya sake buɗe wani kamfanin, Trailer Bridge, mai kai kaya tsibirin Puerto Rico. Ya rasu 25 ga Mayu 2001 a New York yana da shekara 87, kuma safiyar da za a binne shi jiragen kwantena a sassan duniya suka busa masa hon. Ka gaishe min da dattijon, a sa masa har da ƙwai.

TAMBAYA: Malam ni a Kantin Kwari nake, me ya sa kwantena daga ƙafa 20 sai ƙafa 40, ko ta wane kamfani ce?
Daga wani ɗan kasuwa, Kano

AMSA: Alhaji Allah ya ba da kasuwa, tambayarka ta faɗo a kan gaɓa. Da farko kowa da tasa, Sea-Land ƙafa 35, kamfanin Matson ƙafa 24, ta wannan ba ta hawa jirgin wancan. Sai da aka shekara kusan goma ana ja-in-ja kafin hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta tsayar da magana wajen ƙarshen shekarun 1960. Akwai dai wasu tsayin har yanzu amma biyun nan su suka cika kasuwa.

In ka samu wadda aka ajiye a bakin kasuwa ka duba kusurwoyinta takwas, kowace akwai wani dunƙulen ƙarfe mai rami. Nan ƙugiya take kamawa, nan kuma makullin tirela yake shiga a murɗa shi ya riƙe. Injiniyan McLean, Keith Tantlinger, shi ya tsara makullin, kamfanin kuma ya saki haƙƙin mallakarsa kyauta kowa ya ƙera, shi ya sa wadda aka rufe a Guangzhou za ta zauna daram a kan tirelar maigidan da ya yi tambayar farko. In dai an murɗa makullan kenan, dan yawancin waɗanda kuke jin sun faɗo kan motocin mutane, irin na gadar Ojuelegba a Legas, ɗora su kawai aka yi ba a kulle ba. Ranar da za a ɗauko maka kaya ka ce wa yaron mota ya nuna maka guda huɗun na ƙasa da idonka.