Na Faɗa wa Nas, Ta Ce "Na Ji", Amma Ba Ta Zo Ba

Tambaya: Ni mataimakiyar ma'aikatan jinya ce. Wani dare ina canza wa wani tsoho shimfiɗa, sai na ga yanayinsa ya sauya. Na je na ce wa nas ɗin da ke duti, "Sista, baban nan bai yi min ba." Ta ce ta ji, amma ba ta leƙo ba sai da jikin ya tsananta da asuba. Yaya zan yi magana a saurare ni, ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

Amsa: Ƙanwata, zuwan da kika yi daidai ne. Ke ce mai juya mara lafiya, ki wanke shi, ki ba shi abinci, don haka sau da yawa idonki ke riga na nas da na likita ganin canji. Sai dai nas a dutin dare tana da gadaje da yawa a wuyanta, kuma "bai yi min ba" ba zai gaya mata wanda za ta fara dubawa ba. Ki kai mata adadi da lokaci.

Ki ƙirga numfashinsa tsawon minti guda cur. Babban mutum yakan yi 12 zuwa 20 a minti, kuma hawan numfashi yana cikin alamomin farko na tabarɓarewar jiki, ga shi shi ne awon da aka fi sakaci da shi. Bugun zuciya na daidai 60 zuwa 100 ne a minti, zafin jiki kuwa idan ya kai digiri 38 zazzaɓi ne. Tsohon da jiya kuke hira, yau bai san inda yake ba, wannan ruɗewar ita kaɗai ta isa a kira nas.

Akwai tsarin magana da ake kira SBAR. Daga rundunar sojan ruwan Amurka ya shigo asibitoci, kuma a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi wajen miƙa aiki. Matakansa huɗu ne: ki faɗi halin da ake ciki, abin da ya gabata, abin da kika gani, sannan abin da kike nema: "Sista, gado na 6 numfashinsa 28 ne, da yamma 18 ne. Ya ƙi cin abinci, bai gane ni ba. Don Allah ki zo ki duba shi yanzu." Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce yawanci ake haɗiyewa saboda kara, ita ce kuma mai tayar da mutum daga kujera.

Idan ba ta zo ba, ki koma bayan 'yan mintuna ki ce, "Hankalina bai kwanta ba." Ki rubuta awon da lokacin da kika sanar a takardar mara lafiyar. In har yanzu shiru, ki nemi nas mai kula da ɗakin. Wannan ba kai ƙara ba ne, aikinki ne. Amma kada ki ba da magani ko ki taɓa iskar oksijin ko ƙarin ruwa da ra'ayin kanki.

Mu ma nas-nas muna da laifinmu. Mataimakiyar da aka gwale sau biyu takan daina zuwa, kuma mara lafiya ne ke kwana a ciki.

Ita kuwa wannan sistar, ki same ta ku biyu, ba a gaban marasa lafiya ko 'yan jinya ba. Ki tambaye ta yadda take so ki riƙa kawo mata rahoto idan irin haka ta sake faruwa.